Naira 70,000 ta Ma'aikatan Gwamnati ce Kaɗai, ko Har da Mu Malaman Makarantun Kuɗi?

Malamar_Aji_Huɗu:
Assalamu alaikum. Ina da tambayar da ta daɗe tana cin raina, kuma ina roƙon waɗanda suka san doka da waɗanda suka san wahalar riƙe gida su ba ni amsa. Shekarata shida ina koyarwa a wata makarantar kuɗi a cikin birnin Kano, ina riƙe da aji huɗu na firamare, kuma ina da shaidar NCE. Tun ranar 29 ga Yuli 2024, da Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a dokar da ta mai da mafi ƙarancin albashi naira 70,000, nake zuba ido in ga canji a nawa albashin. Gwamnatin Kano ta amince da naira 71,000 ga ma'aikatanta, ƙanwata da ke koyarwa a makarantar gwamnati ta gani a ƙasa, ni kuwa daga naira 32,000 aka kai ni 38,000, aka ce mu yi haƙuri da halin da ake ciki. A tsakanin nan sau biyu ana ƙara wa iyayen yara kuɗin makaranta. Kuɗin A-daidaita-sahu zuwa da dawowa yana cin naira 700 kullum, wato fiye da naira 15,000 a wata, tun kafin in taɓa maganar cefane. Maigidana tela ne, shi ma kasuwarsa ta ja baya, yaranmu uku. Tambayata ta farko ita ce, shin dokar nan ta shafe mu, ko kuwa an yi ta ne don masu karɓar albashi daga baitulmali kaɗai? Ta biyu kuma ga mata 'yan'uwana take: da irin wannan kuɗi, ta yaya kuke ɗora tukunya sau uku a rana?

Umman_Sadiq:
Wa alaikumus salam, Malama. Ciwon 'ya mace na 'ya mace ne. Maganar sau uku kam, gidaje da yawa sun daɗe da komawa sau biyu, sai dai ba kowa ke faɗa ba. Bari masana doka su fara, ni zan dawo kan maganar girkin.

Ɗalibin_Shari'a:
Malama, dokar ta shafi masu zaman kansu kamar yadda ta shafi gwamnati. Abin da aka yi a 2024 gyara ne ga dokar 2019, an canja adadin kuɗin daga naira 30,000 zuwa 70,000, an kuma rage wa'adin sake duba shi daga shekara biyar zuwa uku, amma waɗanda tsohuwar dokar ta ware suna nan a ware. Waɗanda aka ware ɗin su ne wuraren aikin da ma'aikatansu ba su kai 25 ba, da masu aikin da ba na cikakken lokaci ba, da waɗanda ake biya da la'ada ko gwargwadon abin da suka yi, da masu aikin da ke zuwa da yanayi kamar ƙwadagon gona. Saboda haka abin da za ki fara yi shi ne ki ƙirga ma'aikatan makarantarku gaba ɗaya, ki haɗa da masu gadi da masu shara da direbobi da akawu, kada ki tsaya ga malamai kawai. Idan kun kai 25 kuma kina aiki cikakken lokaci, to naira 38,000 da ake ba ki ta saɓa wa doka, kuma akwai Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, wadda take da reshe a nan Kano, wadda aikinta ke nan. Ina kuma so in tambaye ki, an taɓa ba ki takardar ɗaukar aiki? Dokar ƙwadago ta ce a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce cikin wata uku da fara aiki. Yawancin irin wannan rikici a nan yake karyewa, domin mutum zai shekara biyar yana aiki ba shi da ko fallen takarda da ke nuna an ɗauke shi.

Mai_Makarantar_Unguwa:
Ni mai makaranta ne, kuma na san za a ga kamar ina kare kaina, amma ina so a yi lissafin tare da ni. Ɗalibaina 180, kuɗin zango naira 15,000, idan kowa ya biya naira miliyan 2.7 ke nan. Zango uku ne a shekara amma albashi wata goma sha biyu ne, ke nan kuɗin kowane zango sai ya ɗauki albashin wata huɗu. Ma'aikatana 14 ne. Idan na ba kowa naira 70,000, wata huɗu zai ci naira miliyan 3.92, kun ga albashi kaɗai ya zarce duk abin da ke shigowa, ba a zo kan kuɗin hayar gini da alli da ruwa da gyaran benci da kuɗaɗen da hukumomi ke karɓa ba. Ga shi kuma ba kowa ke biya ba. Akwai uban da yaransa huɗu ke wurina, zango biyu ina bin sa, na san sana'arsa, na san ba ƙi ya yi ba. Idan na kai kuɗin zango naira 30,000, rabin yaran za su koma gida su zauna, malaman da nake son in kyautata wa kuma aikin ne gaba ɗaya zai kuɓuce musu. Ba na cewa abin da muke biya ya isa, wallahi ni kaina ina jin nauyin malamaina ranar biya. Abin da nake cewa shi ne makarantar unguwa daga aljihun talaka take ci, talakan kuwa aljihunsa ya bushe.

Malamar_Aji_Huɗu:
Malam Mai_Makarantar_Unguwa, na fahimci lissafinka, kuma da makarantarmu irin taka ce da ban buɗe baki ba. Tamu tana da firamare da sakandare, ɗalibai sun haura 700, kuma bara aka ɗora sabon bene aka sayi motar ɗaukar ɗalibai ta biyu. Ba na baƙin ciki da ci gaban makarantar, da guminmu aka yi shi. Abin da ke ƙona mini rai shi ne idan ka makara minti goma za a yanke maka naira 500, idan yaronka ya kwana da zazzaɓi ka kasa zuwa za a yanke kuɗin yini, amma idan albashi ya makara kwana goma sha biyu babu mai ce maka ko sannu. Ɗalibin_Shari'a, takardar ɗaukar aiki kam ba a taɓa ba ni ba, baki da baki muka yi da shugabar makarantar.

Nas_Mai_Aikin_Dare:
Abin bai tsaya ga malamai ba. Ni a wani asibitin kuɗi nake aiki a Kaduna, inda gwamnatin jiha ta sanar da naira 72,000, amma mai sharar da ke wanke ɗakin haihuwa a wurinmu naira 25,000 take karɓa, kuma ita ke taɓa jini da allura. Da muka yi magana sai aka ce mana ai ba ma'aikaciyar asibitin ba ce, wani kamfani ne ya kawo ta. Wannan dabara ta yi yawa yanzu: a raba ma'aikata gida-gida a ƙarƙashin 'yan kwangila, ta yadda babu wanda zai ce shi ne uban gidansu. Idan ka ɗaga murya kuma, gobe za ka tarar da wani a kujerarka, domin masu neman aikin sun fi aikin yawa.

Baba_Ɗan_Fansho:
'Ya'yana, ku bar ni in kawo muku abin da idona ya gani. Ina ƙaramin akawu lokacin ƙarin albashin Udoji a 1974, zamanin Janar Gowon, aka ba mu har da bashin watannin baya. Mutane suka sayi rediyo da keke da babur, amma kafin shekara ta zagayo kasuwa ta haɗiye ƙarin. A 1981, zamanin Alhaji Shehu Shagari, bayan yajin aikin da ƙungiyar ƙwadago ta yi ƙarƙashin Hassan Sunmonu, aka kafa mafi ƙarancin albashi na naira 125, kuma da wannan kuɗi magidanci yana yin awo na wata ya biya haya ya ajiye wani abu. Na ga naira 18,000 a 2011, na ga 30,000 a 2019, ga 70,000 yanzu. Duk lokacin da adadin ya ƙaru, abin da yake iya saya raguwa yake yi. Ku auna da man fetur kawai. A 2019 lita tana naira 145, naira 30,000 tana sayen fiye da lita 200. A watan Oktoba 2024 lita ta haura naira 1,000, naira 70,000 ba ta kai ta sayi lita 70 ba. Saboda haka, Malama, ki nemi haƙƙinki, ina goyon bayanki ɗari bisa ɗari, amma ki sani ko an ba ki 70,000 ɗin ba ki kai matsayin da mai 30,000 yake a 2019 ba. Mu 'yan fansho kuwa maganarmu ma ba ta cika shiga lissafi ba.

Injiniya_Gaskiya:
Baba, lissafinka daidai ne, amma a yi wa kowa adalci. Man naira 145 ɗin nan ba shi ne ainihin farashinsa ba, gwamnati ce ke cike giɓin, kuma a ƙarshe da bashi take cikewa. Manyan 'yan takara uku na 2023, Tinubu da Atiku da Peter Obi, duk sun ce za su cire tallafin, kuma kasafin da gwamnatin Buhari ta bari bai tanadi kuɗinsa ba bayan watan Yuni na wannan shekarar. Tun da aka cire shi, kason da jihohi da ƙananan hukumomi ke samu daga asusun tarayya ya ƙaru sosai, shi ya sa Legas ta iya sanar da naira 85,000, Neja 80,000, Kebbi 75,000. A ganina inda muke kuskure shi ne duk fushinmu Abuja muke kai shi, mu ƙyale gwamnoni da shugabannin ƙananan hukumomi. Da makarantun gwamnati suna da kyau, da talaka bai matse kansa ya kai ɗansa makarantar kuɗi ba, kuma da malama mai NCE kamar wadda ta buɗe wannan magana gwamnati ce ta ɗauke ta aiki.

Talaka_Bawan_Allah:
Injiniya, babu wanda ya ce tallafin ba shi da ɓaraka, amma ba a fafe gora ranar tafiya. Ranar 29 ga Mayu 2023 aka ce tallafi ya tafi, cikin kwana biyu lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa kusan 500 ko fiye. Ba a gama wannan kukan ba, tsakiyar Yuni aka saki naira, dala ta tashi daga wajen naira 460 a farashin hukuma har ta haura 1,500 a farkon 2024. Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Ƙarin albashin kuwa sai da aka yi wata goma sha huɗu kafin a sa masa hannu, shi ma sai da ƙungiyoyin ƙwadago suka tsayar da ƙasa ranar 3 ga Yuni 2024, suka sauko daga naira 615,000 da suka fara nema. A watan Yunin nan hukumar ƙididdiga ta ƙasa da kanta ta ce hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin 100. Me ya hana a fara tanadar motocin haya masu sauƙi da taki da abinci kafin a cire? Zanga-zangar watan Agusta 2024 yunwa ce ta fito da ita. Maganarka kan gwamnoni kuwa na yarda da ita, babu musu.

Ɗan_Maraɗi:
Mu ma a nan Nijar abin ya taɓa mu, ko da yake ta wata fuska. Shekaru da yawa man Najeriya mai rahusa muke saye a kwalabe a bakin titi, da aka cire tallafin, wannan hanya ta ƙafe, kowa ya koma gidan mai, har muka sha dogon layi a watan Maris 2025. Ta ɗaya ɓangaren kuma, da naira ta faɗi, mai sefa a hannu idan ya shiga kasuwar Dawanau ko Singa sai ya ga kaya sun yi masa araha, alhali ɗan Kano yana kukan tsada a kan kaya guda. Na ji 'yan'uwa suna cewa mu ne muke kwashe abinci. Ɗan kasuwa inda kuɗinsa ya fi daraja nan yake zuwa, haka 'yan Najeriya suka yi a kasuwanninmu lokacin da naira take da ƙarfi.

Umman_Sadiq:
Maza sun tafi siyasa, bari in dawo da mu kicin, tunda Malama ta yi tambaya ta biyu. Abu na farko da ya cece ni shi ne na daina sayen abinci kullum-kullum. Mu shida a layinmu muke haɗa kuɗi lokacin kaka, a sayo buhun masara da na dawa da rabin buhun wake, mu raba da kwano a tsakar gida, kuma bambancin da ke tsakanin wannan da awon kullum a shago ba ƙarami ba ne. Shinkafa ta koma ta Juma'a da ranar baƙi. Sauran kwanaki tuwon masara ne da miyar kuka ko busasshiyar kuɓewa, da ɗanwake, da dambu da zogale, da faten tsaki da yakuwa. Tuwon dare kuma ina yin sa da yawa da gangan, don a yi ɗumame da safe, ya maye gurbin shayi da burodi, wanda shi ne ya fi cin kuɗi a gidan da yake da yara. Na biyu shi ne kayan miya. Lokacin sanyi, daga Janairu zuwa Maris, da tumatirin rani na Kadawa da Kura ya cika kasuwa, nake sayen kwando in yanka in shanya a kan tabarma mai tsabta, in rufe da yadi mai shara-shara saboda ƙuda da ƙura, in yi kauɗa. Haka nake yi da tattasai da attaruhu. Idan damina ta zo tumatir ya gagara, sai in jiƙa kauɗar a ruwan zafi in markaɗa da albasa, in sa ɗan kanwa kaɗan don ta kashe tsami. Na uku, na rage dunƙule na koma daddawa da busasshen kifi da ake dakawa, miyar kuka ma ta fi daɗi a haka. Wake kuwa a jiƙa shi tun dare, kafin safiya ya yi laushi, lokacin dahuwarsa ya ragu sosai. Ba na cewa wannan zai mai da naira 38,000 ta isa, Malama, ba za ta isa ba, amma zai sa ta kai ki nesa da inda take kai ki yanzu.

Amaryar_Zariya:
Hajiya Umman_Sadiq, Allah ya saka da alheri, na ƙaru. Sai dai ina so in ji ra'ayinki kan wuta. Ni na ajiye tukunyar gas tun da kilo ya haura naira 1,000, na koma kurfoti da gawayi, amma da na zauna na yi lissafi sai na ga gawayin naira 300 da nake saya safe da yamma ya kusa kamo kuɗin gas ɗin a wata, ga hura wuta, ga toka, ga ɓata lokaci. Risho kuwa ba a maganarsa, kalanzir ya fi kowa tsada.

Umman_Sadiq:
Ƙanwata, gawayin leda shi ke cinye ki. Idan za ki yi gawayi, ki sayi buhu tun kafin damina, ki ajiye inda ruwa ba ya taɓawa. Ni raba musu aiki na yi: wake da tuwo da duk abin da ke daɗewa a wuta na gawayi ne, ɗumame da ruwan zafin safe da miyar gaggawa na gas ne. Ki kuma riƙa rufe tukunya, yawancinmu a buɗe muke barinta wuta tana tafiya a banza.

Nas_Mai_Aikin_Dare:
Ina roƙon masu gawayi su ji wannan da kyau, domin mun sha karɓar irin waɗannan marasa lafiya lokacin hunturu. Kada a shigar da kurfoti mai wuta cikin ɗaki a rufe ƙofa da taga don jin ɗumi. Gawayi yana fitar da wata iska marar launi marar wari, wadda ke sa ciwon kai da jiri, mutum ya yi barci bai farka ba. A yi girki a tsakar gida ko inda iska ke ratsawa.

Abban_Khadija:
Akwai wata cutar da ba a ambata ba, ita ce ta ƙanƙancewar kaya. Ledar madarar da a da ke haɗa wa yaro kofin shayi yanzu sai an sa biyu. Sabulun wanki ya sirance, ledar omo iska ta fi gari yawa, burodin da ake yanka wa mutum biyar yanzu uku ba ya isa, ledar tumatir ma ta zama ruwa-ruwa. An ƙara kuɗi kuma an rage kaya, duka biyu a lokaci guda. Ni na fi son a bar kaya yadda yake a faɗa mini sabon farashi, in san abin da nake saya. Muna da hukumar FCCPC da aka kafa don kare masu sayen kaya, ya kamata ta tilasta wa duk kamfanin da ya rage nauyin kayansa ya rubuta hakan ɓaro-ɓaro a jikin leda.

Mai_Shagon_Kwana:
Alhaji Abban_Khadija, mu masu shago mu ke shan zagin wannan abu, alhali yadda katan ya zo mana daga Singa haka muke sayarwa. Ribar da ke kan katan ɗin taliya ko na madara ba ta taka kara ta karya ba, kuma a 2024 sau da yawa na sayar da kaya da safe, na koma kasuwa da yamma na tarar kuɗin da na tara ba zai sake sayo irin kayan ba. Kamfanonin sun san mai saye yana da naira 100 ko 200 ne a hannu, idan suka wuce nan ba zai saya ba, shi ya sa suke rage cikin ledar su bar farashin kusa da inda yake. Shawarata ita ce a riƙa duba giram ɗin da aka rubuta a jiki, a kwatanta, domin sau da yawa ƙaramar leda ita ce mafi tsada idan aka auna. Littafin bashina kuma malamai da ƙananan ma'aikata ne suka cika shi. Idan albashin Malama ya makara kwana goma sha biyu kamar yadda ta ce, ni ma jarina kwana goma sha biyu yake yi a kwance.

Almajirin_Zaure:
Maganar tauye kaya da ta tauye albashi uwarsu ɗaya. Allah ya saukar da sura guda, Suratul Muɗaffifin, ya buɗe ta da narko a kan masu tauye mudu, waɗanda idan za su karɓa sai an cika musu, idan za su bayar sai su rage. Mai makarantar da ke yanke naira 500 saboda makarar minti goma, amma shi ya riƙe albashi kwana goma sha biyu, ya duba ko wannan siffa ba ta hau kansa ba. Kuma hadisi ya zo cewa a ba ɗan ƙwadago ladansa kafin guminsa ya bushe. Wanda bai da hali da gaske, kamar yadda Mai_Makarantar_Unguwa ya bayyana, hukuncinsa daban ne, amma shi ma wajibinsa ne ya buɗe wa ma'aikatansa lissafi su gani da idonsu, kada ya bar su da zato.

Manomin_Kura:
Ina jin ana ta addu'ar abinci ya ƙara sauka, to a tuna da mu. Bayan gwamnati ta sanar a watan Yuli 2024 cewa ta ɗage harajin shigo da masara da shinkafa da alkama da wake na kwana 150, farashin hatsi ya sauka sosai a 2025, mutanen birni suka ɗan numfasa. Mu kuwa taki da maganin feshi da man injin ban ruwa ba su sauka ba. Na ga shekarar da sai na sayar da fiye da buhun masara ɗaya kafin in sayi buhun taki guda. Maƙwabtana da yawa sun rage gonar masara sun koma gero da dawa da ba sa cin taki sosai. Idan manomi ya yi asara bana ya ƙi nomawa baɗi, tsadar da za ta biyo baya Malama ce dai za ta sha ta. Tumatirin da Hajiya take yi wa kauɗa da araha, arahar nan hawayen wani ce, don a lokacin kwando ba ya mai da kuɗin ɗauko shi daga gona.

Hajiya_Mai_Adashi:
Zan faɗi abin da wataƙila ba zai yi wa wasu daɗi ba. Mu da muke nan muna kukan rashin adalcin masu ɗaukar aiki, da yawanmu muna da 'yar aiki ko mai gadi ko mai wanki da guga. Nawa muke biyan su? Na san gidajen ma'aikatan gwamnati da suka sami ƙarin albashi amma yarinyar da ke musu wanke-wanke da raino tun asuba har dare tana nan a kan naira 8,000, kuma ba a sa ta makaranta ba. Ni kaina sai da na karanta maganar Malama na tuna shekara biyu ban ƙara wa mai yi mini shara ko sisi ba, kuma jiya na gyara. Dokar ma'aikata 25 ba za ta taɓa shiga gidajenmu ba, sai dai tsoron Allah ya shiga.

Mai_Makarantar_Unguwa:
Malam Almajirin_Zaure, na karɓi nasiharka, ƙarshen zangon nan zan ajiye littafin kuɗi a gaban malamaina. Ga Malama kuma, idan abin da kika faɗa game da makarantarku haka yake, ni ba zan kare su ba, irinsu ne ke jawo mana baƙin jini. Abin da zan ba ki shawara a matsayin wanda ya san halin masu makaranta shi ne kada ki je ke kaɗai, kuma kada ki fara da maganar kotu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Malami ɗaya ana iya sallamarsa ranar Litinin, amma malamai goma a tsakiyar zango, jarrabawa na matsowa, dole a zauna da su.

Injiniya_Gaskiya:
Talaka_Bawan_Allah, na yarda an yi gaggawa, kuma ban taɓa cewa an yi tanadin da ya kamata ba. Inda muka saɓa shi ne ni ba na ganin komawa tallafin zai gyara albashin Malama. Tunda doka ta ce a sake duba mafi ƙarancin albashi bayan shekara uku, 2027 ke nan, shekarar zaɓe, ya kamata duk ɗan takarar da ya zo neman ƙuri'a a tambaye shi me zai yi wa miliyoyin da ke aiki a shaguna da makarantu da gidajen mai, waɗanda dokar ta tsallake.

Ɗalibin_Shari'a:
Malama, rashin takarda bai rushe haƙƙinki ba, sai dai ya ƙara miki aiki. Idan ta banki ake biyan ki, ki nemi bayanin asusunki na shekarun nan, shi ne babbar hujjarki cewa ana biyan ki wata-wata da kuma adadin da ake biya. Ki adana katin shaidar aiki da jadawalin darasi da duk saƙon da aka taɓa turo miki game da yanke kuɗi. Na goyi bayan shawarar Mai_Makarantar_Unguwa cewa a fara da takarda cikin ladabi, kowa ya sa hannu, a riƙe kwafi. Idan ba a saurare ku ba, ofishin ma'aikatar ƙwadago ta tarayya da ke jiha yana shiga tsakani kafin a kai ga kotu. Ban ɓoye miki ba, shari'a tana ɗaukar lokaci kuma akwai yiwuwar a nemi hanyar raba ki da aikin, don haka ki shawarci maigidanki kafin ki ɗaga ƙafa.

Malamar_Aji_Huɗu:
Na gode muku duka, Allah ya bar zumunci. Yau na zauna da abokiyar aikina muka ƙirga, mu 43 ne har da masu gadi da direbobi, kuma ta banki ake biyan mu tun 2021. Na yi magana da malamai tara, shida sun ce za su sa hannu, uku sun ce suna tsoro, kuma ban ga laifinsu ba, ɗaya daga cikinsu marayu take riƙo. Maigidana ya ce in je, amma kada in zama ta farko a jerin sunaye. Mun shirya mu nemi abu uku: takardar ɗaukar aiki, da tsayayyar ranar biya, da a kai albashi inda doka ta ce ko da a hankali ne cikin zango biyu. Hajiya Umman_Sadiq, na faɗa wa maƙwabtana maganar haɗa kuɗin buhu, mu huɗu mun amince. Ɗalibin_Shari'a, saura tambaya ɗaya: a watan Agusta rabin albashi ake ba mu, wai don ana hutu. Mu sa wannan a cikin takardar tun yanzu, ko mu bari sai an amsa ukun farko?

Baba_Ɗan_Fansho:
'Yata, kafin lauyanmu ya dawo, ni dai a zamaninmu duk abin da ba mu rubuta a takardar farko ba, da muka kawo shi daga baya sai aka ce mun zo da sabuwar magana. Ku sa shi na huɗu, ku rubuta kwanan wata, kuma wanda ya karɓi takardar a ofis ya sa muku hannu a kan kwafinku.